Rediyon Gwadabe

Gwadabe ɗan ƙasar Ringim ne. Ya shigo Kano shekarar da fari ya ƙone geron mahaifinsa tun bai fitar da kai ba. Ya sauka wurin wani ɗan garinsu, Shu'aibu, wanda yake aiki a ɗakin rini na wata masaƙa a Sharaɗa. Shu'aibu ne ya yi masa hanya aka ɗauke shi. Da fari shara yake yi, daga baya aka ga yana da hannu, aka mayar da shi ɗakin saƙa, inda injuna suke jere sahu-sahu, kowanne yana jifa da ƙoshiyarsa mai ɗauke da zare ba hutu.

A ɗakin nan ba a magana. Ba don an hana ba, ko ka yi kai kanka ba za ka ji ba. Da hannu da gira ake zance. Wasu sukan cusa auduga a kunne. Gwadabe ya gwada, ya ce tana sa masa ƙaiƙayi, ya daina.

Mutum ne mai son hira, irin wanda in ya zauna a majalisa ba a tashi da wuri. Lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya girgiza gari, wasu suka sayi keke, wasu agogo. Shi rediyo ya saya, mai rigar fata ruwan ƙasa, da eriya mai tsawo, da igiyar ratayawa. Da ita ya je zance Challawa wurin Asabe, 'yar wani manomi da ke noman rani a bakin kogi. Asabe takan ce ba ta san wanda ya fi surutu ba, shi ko abar da ke rataye a kafaɗarsa. Bayan an ɗaura aure suka kama ɗaki ciki da rumfa a wani gidan haya a Sharaɗa. In ya taso aiki ya yi wanka, sai ya shimfiɗa tabarma a rumfa, ya kunna rediyo, ya ji labarai, ya ji waƙa, ya ji masu gaishe-gaishe, yana yi wa Asabe sharhi a kan kowanne kamar ba tare suke ji ba.

Haka aka yi shekaru. Sai rediyo ta fara yin ƙasa-ƙasa.

Ya canza batir. Bai ga canji ba, ya ce batiran yanzu na banza ne, ya sayo wasu. Ya riƙa murɗa ta har ƙarshe, har matan gidan suka fara yi wa Asabe ƙorafi cewa yaransu ba sa iya barcin rana. Ranar wata Lahadi ya ɗauke ta ya kai wa Ado mai gyaran rediyo a bakin titi.

Ado ya kunna, ya yi sauri ya rage.

"Me ka ce tana yi?"

"Muryarta ce ta shaƙe," in ji Gwadabe. "Kamar mai magana daga cikin rijiya."

"Wannan? Malam Gwadabe, ai har tsallaken titi ana jin ta."

"Me ka ce?"

Ado ya dube shi. Ya ajiye sukudirebansa, ya juya masa baya, ya ce wani abu. Da ya juyo, Gwadabe na nan tsaye yana jiran amsa.

"Na kira sunanka yanzu," Ado ya faɗa da ƙarfi, yana nuna kunnensa. "Ba rediyon ba ce."

Gwadabe ya karɓi kayansa ya juya. A hanya ya lura da abin da ya daɗe yana gani bai kula ba: masu keke suna wuce shi suna harara, bakinsu na motsi.

Asabe ta riga shi sani. Ta daɗe tana maimaita masa magana sau biyu, tana tsayawa inda zai ga fuskarta, ba ta taɓa gaya masa dalili ba. Da ya dawo ya zauna a bakin gado da rediyo a cinya, sai kawai ta zo ta zauna kusa da shi.

An yi magani iya ƙoƙari. An ɗiga man shanu, an yi turare, an sha rubutu. A asibiti likita ya leƙa da fitila, ya buga wani ƙarfe ya kara masa a bayan kunne, sannan ya gaya wa Shu'aibu, wanda ya raka shi, cewa jijiyar ji ce ƙarar inji ta cinye, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kunnen hagu ne ya fara rufewa gaba ɗaya. Na dama ya ɗan jima, shi ma ya bi.

Duk da haka bai bar aiki ba, kuma a wurin aikin ne kaɗai yake samun sauƙi. A ɗakin saƙa kowa kurma ne. Can ba wanda ya fi shi, ba wanda zai yi masa magana ya yi murmushin rashin fahimta. In an tashi ne ya fito ƙofar masaƙa, ya ga mutane sun buɗe baki suna dariya, sai ya sunkuyar da kai ya kama hanya.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Auduga ta yi wuya, kayan gyaran inji suka daina shigowa, aka rufe rabin ɗakin saƙa. Da aka tashi rage ma'aikata, masu lalura aka fara sallama. Gwadabe na cikinsu.

A watan ne Asabe ta haihu, bayan doguwar jira. Aka sa wa yarinyar Zaituna. Da aka miƙa masa ita ya yi mata huɗuba, ya ga ta buɗe baki, fuskarta ta yi jawur. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinta, ya ji yana rawa. Iyakar abin da ya samu na kukan 'yarsa ke nan.

Ya nemi gadi a wani kamfanin kwanuka a Bompai. Bai yi wata ba aka sallame shi, don motar manaja ta yi ta hon a bakin get yana zaune ya ba ta baya. Ya koma dako a Dakata, wurin manyan motoci. Wata rana tirela tana ja da baya, mutane suna ta ihu, sai da wani ya fizgo shi ta wuyan riga. Shugaban 'yan dako ya ce ba zai ɗauki alhakin rai ba. Daga nan Gwadabe ya zauna a gida. Asabe ta goya Zaituna, ta fara kai ɗanwake ƙofar masaƙar da ta sallami mijinta.

Mutane sun ɗauka kurma shiru yake ji. Gwadabe ba shiru yake ji ba. Injunan ba su tsaya ba a kansa. Yana salla suna bugawa, yana cin abinci suna bugawa, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani siririn fito da ba ya yankewa. Ya so ya yi wa mutane bayani, amma ya kasa auna muryarsa. Wani lokaci ya yi ihu a masallaci bai sani ba, wani lokaci ya yi ta magana ba wanda ya ji. Da ya ga ana ƙunshe dariya, sai ya rage magana, har ya kusa dainawa.

Wata rana da hantsi, gidan ba kowa, ya sauko da rediyon daga kan ƙusa. Ya kunna, ya ɗora yatsu a kan ragar gabanta, ya ji tana motsi. Wani na magana a ciki. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ya kwance bayanta, ya zaro hanjinta ɗaya bayan ɗaya, wayoyi ja da shuɗi, 'yan ƙananan abubuwa masu kama da ƙwayar wake, da baƙin faifan da murya take fitowa. Ya baza su a tabarma. Bai san me yake nema ba.

A bayan ɗaki akwai wani katakon akwatin shayi da Asabe take rufe tukunya da shi. Ya jawo shi. Ya jiƙa ƙaro ya dama da garin rogo, ya manna faifan a tsakiya. Ya zagaye shi da gawayi, ya zana murabba'i, ya kafa eriyar a sama. Da Asabe ta dawo ta tarar da rediyo a kan katako, a baje kamar fatar da aka shanya.

Ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta. A duniya bakinta kaɗai ya iya karantawa, shi ma ba duka ba.

"Baban Zaituna, ka fasa ta?"

"Ta daina amfani," ya ce.

Ta nemo wani abin ta rufe tukunyarta.

Bai tsaya a nan ba. Ya riƙa fita da sassafe yana bin bayan kamfanoni, inda ake zubar da shara. Ya tsinto katakai, da ragowar zare a kan kwarkwaro, da guntayen atamfa da aka yanke, da ƙusoshi masu tsatsa. Ya taka har Challawa ya kwaso yankakkun fatu a bayan majema. Ya fasa tsofaffin batira ya kwashe baƙin garin ciki. Shu'aibu, wanda har lokacin yana ɗakin rini, ya ga abin da yake yi, bai gane ba, amma ya ce gara wannan da zaman tagumi. Ya riƙa kawo masa ragowar rini a gwangwanin madara.

Katako na biyu da ya haɗa ma ya yi kama da rediyo, sai dai ragar gabanta da ƙusoshi ya yi ta, tsininsu na kallon waje. A na uku murabba'in ya karkace, kamar an taka shi. Daga nan siffar ta fara watsewa. Sai ka ga baƙin da'ira a can gefe, eriya a karye gida uku a wani gefen, maɓallin murɗawa shi kaɗai a tsakiyar fili fari fat da ya shafe da toka. Yakan kafa ƙusa a bakin katako, ya ja jan zare ya kai ɗaya bakin, ya dawo, ya koma, ya dawo, yadda ƙoshiya take yi, har sai zaren ya yi kauri ya rufe komai. Ta cikinsa kuma sai ya ratsa farar waya guda, siririya, miƙaƙƙiya, daga sama har ƙasa.

In yana yi, ƙarar kansa takan ɗan lafa. Ba ta tafiya, amma takan zama kamar ta koma kan katakon. In ya gama ya jingine shi a bango, sai ta dawo, sai ya nemi wani katakon.

Rumfa ta cika. Ƙaro da fata suka fara wari. Matan gidan suka daina barin yaransu su bi ta ƙofar. Wata ta ce ta ga ido a jikin ɗaya, wata ta ce ai duk wanda ya haɗa ƙusa da jan zare da fata ya san abin da yake haɗawa. Magana ta kai Challawa.

Alhassan, yayan Asabe, ya zo ranar wata Juma'a bayan an sauko. Ya tsaya a bakin rumfa ya ƙi shiga. Gwadabe ya gaishe shi, ya amsa da ka, ya juya wurin ƙanwarsa.

"Wannan fa? Me ake yi a ɗakin nan?"

"Yaya, ba komai ba ne. Rediyo ce yake yi."

"Rediyo? Ke kin ga rediyo a nan?"

Alhassan ya sake duban katakan, ya ci gaba.

"Ko dai taɓuwa ce, ko kuma abin da ya fi taɓuwa muni. Kina yawo da goyo a rana kina ciyar da ƙato, shi yana zaune yana wasa da shara. Baba ya ce in kin gaji, ɗakinki na nan."

"Ban ce muku na gaji ba."

"Ba sai kin faɗa ba. Dubi wuyanki."

Gwadabe na zaune yana kallon bakunansu. Na Alhassan bai karantu ba, gashin baki ya rufe shi. Amma ya ga hannunsa yana nuna katakai, yana nuna Asabe, yana nuna hanyar Challawa. Wannan ba ya bukatar kunne.

Bayan tafiyarsa Gwadabe ya fara wani, mafi girma, a kan tsohon ƙyauren da mai gida ya cire ya yar. Ya daɗe a kansa, har damina ta shigo. Ya shafe shi da baƙin batir da shuni har ya yi duhu kamar cikin randa. Ya ja zare ja da ruwan goro, rututu, ya cukurkuɗa su, ya danne da ƙusa. Ya yayyanka rigar fatar rediyon ya watsa. A can ƙasa, a lungu, ya bar wani ɗan wuri kamar tafin hannu bai sa masa baƙi ba. Nan ya manna guntun zanen goyon Zaituna, da wani ƙyalle daga tsohon ɗankwalin Asabe. Sannan ya ja zare ya bi ta kansu, ba da yawa ba, yadda za a iya hango su amma ba za a iya taɓa su ba.

Ranar da ya gama, Asabe ta dawo da la'asar, ruwa ya dake ta, rabin ɗanwaken bai sayu ba. Ta sauke Zaituna, ta zauna a kan turmi tana matse bakin zane. Gwadabe ya kamo hannunta ya kai ta gaban ƙyauren. Bai taɓa yin haka ba.

"Duba," ya ce. Muryar ta fito da ƙarfi har kaji suka watse. "Duba da kyau."

Ta duba. Da fari abin da ta saba gani ta gani, tarkace da rini. Ta ɗaga ido ta bi jan zaren, ya kai ta ya dawo da ita, ya kai ta ya dawo da ita, har ta ji kanta ya fara sarawa. Ta tuna ƙarar da take jiyowa ta bayan katangar masaƙa in tana zaune da robar ɗanwake, wadda in ta daɗe takan ji kamar haƙoranta za su zube. Ta bi farar wayar da ido. Sannan ta kai lungun ƙasa, ta ga ɗankwalinta, ta ga zanen goyon, a can bayan zare.

Ta sa hannu ta rufe baki. Ashe a nan yake zaune. Ashe daga nan yake hango su.

Hawaye suka zubo mata. Ta juyo, leɓenta na rawa, ta ce, "Na gane."

Gwadabe ya kafa wa bakinta ido. Ya ga hawaye, ya ga jiƙaƙƙen zane, ya ga ƙashin wuya. Abin da ya karanta a leɓenta shi ne, na gaji.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To," ya ce. "Na sani."

Ita kuwa ta ɗauka sun fahimci juna. Ta share ido, ta hura wuta, ta yi musu tuwo. Har ta ɗan ji sanyi a ranta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Washegari ta fita da ɗanwake kamar kullum. Gwadabe ya ɗauki Zaituna kafin a goya ta, ya riƙe ta ya daɗe, har sai da Asabe ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa rana. Da suka fita ya naɗe riga biyu a cikin buhu. Ya bi ta masaƙa ta ƙofar baya, ya sa aka kira masa Shu'aibu.

"Zan yi tafiya," ya ce.

Shu'aibu ya buɗe hannuwa, alamar ina.

"Asabe ta ce ta gaji. Da bakinta ta gaya mini. Kuma gaskiyarta ne, ta yi ƙoƙari. Ita ba za ta iya tafiya ta bar ni ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ka gaya wa Alhassan ya zo ya ɗauke su. In ta nemi takardarta, kai shaida ne, na sawwaƙe mata."

Shu'aibu ya riƙe masa hannu, yana girgiza kai, yana magana. Gwadabe ya kau da ido daga bakinsa. Aka leƙo aka kira Shu'aibu, rini na kan wuta. Ya yi masa alama ya jira shi nan, yanzu zai fito. Da ya fito bai same shi ba.

Da yamma Shu'aibu ya je gidan ya faɗa wa Asabe yadda suka yi. Ta saurara har ya gama.

"Ni na ce na gaji?"

"Haka ya ce. Wai jiya, da bakinki."

Ta tuno tsayuwarsu jiya a gaban ƙyauren. Sai ta dafe ƙirji.

"Na gane na ce. Wallahi, Malam Shu'aibu, na gane na ce masa."

Ta maimaita kalmomin biyu ba sauti, tana taɓa leɓenta da yatsa. Sai ta zauna a ƙasa.

Sun neme shi. Wani ɗan kamasho a tashar Na'ibawa ya ce ya ga wani kurma da buhu, amma bai lura da motar da ya hau ba. Shu'aibu ya je Ringim, 'yan uwansa suka ce rabonsu da shi tun rasuwar mahaifinsa. Aka kai cigiya gidan rediyo, aka karanta ta har sau uku. Asabe da kanta ta ce a daina, tunda wanda ake nema ba zai ji ba. Bayan shekara wani direba ya ce ya ga mai kama da shi yana ɗaukar kaya a kasuwar Maraɗi. Shu'aibu ya nemi izini a wurin aiki ya je. Ba shi ba ne.

Asabe ta ƙi komawa Challawa har sai da mai gida ya ce yana son ɗakinsa. Ranar tashi Alhassan ya zo da a-kori-kura. Ya ce katakan nan ba za su shiga gidan mahaifinsu ba. Matan gidan haya, waɗanda a da suke tsoron su, suka rarraba suka yi makamashi. Ƙyauren ne kaɗai Asabe ta tsaya a kansa, ta ce ko a ɗauka tare da ita ko a bar su tare. Alhassan ya yi tsaki ya ɗora shi a saman kaya.

A Challawa ta jingine shi a bayan ɗakinta, ta lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ba ta sake aure ba. Zaituna ta tashi ta san mahaifinta ya yi tafiya, ba ta san fuskarsa ba. Wata shekara bayan damina Asabe ta ɗaga tabarmar za ta shanya, ta tarar gara ta shiga ta baya ta cinye katakon. Da ta taɓa, sai ya rufta, ƙusoshi da zare suka zube a ƙasa. Ta tsaya tana kallo. Daga baya ta ɗauko tsintsiya ta tattara ƙusoshin, kada yara su taka.